Askin Furen Kaska

Tun ranar da hawan jini ya kayar da Mai Aski a shagonsa, babu kalmar da ya tsana a duniya irin "sannu". Ya tashi, sannu. Ya zauna, sannu. Ya kai cokali baki da hannun hagu bai ɗiga miya a riga ba, a ce masa sannu da ƙoƙari. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a tsaye, yana juya kawunan manyan mutane hagu da dama da yatsu biyu ba mai cewa uffan, yau shi ake yaba wa don ya saka maɓallin riga. Ƙafar ta dawo, bakin da ya karkace ya miƙe, magana ma ta koma daidai. Hannun dama ne ya ƙi. Yana ɗaguwa, yana riƙe kofi idan an sa masa, amma babban yatsa da manuni, waɗanda su ne jarinsa, sun yi kunnen uwar shegu da shi.

Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Sista saboda aikin jinyar da ta yi har ta yi ritaya, ta mayar da gidan ɗakin kwantar da marasa lafiya. Magani a kan lokaci, awon jini safe da yamma, gishiri kuwa an yi masa korar kare daga kicin. Wuƙa, reza, allura, duk wani abu mai kaifi ta kwashe ta ɓoye, har da jakar kayan askinsa. Kada a ga laifinta da yawa. Ita ce ta tarar da shi a ƙasa ranar, almakashi ya soke shi a cinya garin faɗuwa, jini ya jiƙa wando. Abin da ta gani bai bar idonta ba, kuma Sista mace ce da in tsoro ya kama ta sai ya fito mata a kamannin doka.

A madadin almakashi, masu gashin ƙashi suka ba shi wani jan ƙwallon roba, suka ce ya riƙa matsawa. Ya matsa na 'yan kwanaki. Ya ga ƙwallo ba ya gajarta, ba ya gyaruwa, yadda ka same shi haka za ka bar shi. Ya cilla shi ƙarƙashin gado.

Sai kuma ga Direba da tasa rigimar. Amininsa ne tun suna samari, tsohon direban motar haya mai dogon zango, kuma tun da gemu ya fito masa babu hannun da ya taɓa kansa sai na Mai Aski. Askin ma na tsohon yayi, almakashi da mataji, don ya ce inji yana fito masa da ƙuraje a ƙeya. Suna da wata al'ada tasu su biyu. Duk ranar da aka gama aski, Direba zai daɗe yana kallon madubi, sannan ya ɓata rai ya ce an ɓata masa kai, hagu ya fi dama tsawo. Mai Aski ya ce kan ne a karkace tun haihuwa. Su yi ta yi har wanda ke jiran layi ya gaji ya raba su.

To, a bakin gadon asibiti, gaban jama'a, Direba ya ɗaga yatsa ya rantse cewa kansa ba zai ga wani mai aski ba sai abokinsa ya tashi. Kowa ya ɗauka maganar kwantar da hankali ce. Ba su san Direba ba. Wata ya bi wata, furfura ta tashi ta yi tsiri, hula ta daina shiga, yaran layi suka raɗa masa Baba Auduga. Kullum da yamma yana zuwa ya zauna, amma shi ma ya koyi mugun halin nan. Sannu zai ce in ya shigo, sannu zai ce in zai fita. Wannan ya fi komai ci wa Mai Aski rai.

Wata yamma Direba ya zo yana sosa ƙeya.

"'Yar nan tawa ta gama jami'a," in ji shi. "An sa ranar bikin yaye su. Uwarta ta ce wallahi ba zan shiga hoto da wannan kan ba. Ko aski, ko in zauna gadin gida."

"To ka je a yi maka mana. Na yafe maka rantsuwar."

"Da kai na rantse da za ka yafe min? Zan yi gadin gidan."

Mai Aski ya san yarinyar tun tana goye. Ya san irin hanyoyin da ubanta ya bi, da irin barcin da ya yi a kan sitiyari, kafin ta kai inda ta kai. Yanzu a ce saboda yatsunsa biyu mutumin nan zai rasa ranar da ya yi wa wahala? Ya dubi hannun da ke kwance a cinyarsa, ya ji kamar ya mare shi da ɗayan.

Ana cikin haka furen ya shigo zancen, kodayake ya daɗe a gidan. Autarsu, wadda ke aiki a wani gari, ita ta kawo irin a ƙulle cikin takarda lokacin da aka sallamo shi, wai don ya samu abin kallo.

"Koriyofsis sunansa, Baba," ta ce.

Ya leƙa takardar, ya ga wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, falan-falan. "Wace irin koriyo? Wannan ai kaska ce."

Shi ke nan suna ya bi shi, furen kaska.

Sista ta karɓi irin kamar an kwantar mata da sabon majinyaci. Ta sa aka yi mata kwali, wato ɗan gurbin shuka, a tsakiyar fili, aka zuba taki har yana wari, ruwa kuwa safe da yamma kamar magani. Ragowar irin da ya zube ta share shi zuwa gindin katanga, inda magina suka bar tsakuwa da yashi, inda rana ke kwaɗawa tun hantsi har la'asar. Na kwali ya fito ɓul-ɓul, ganye har ƙugu, fure kuwa sai ka nema, kuma iskar hadari ta farko ta kwantar da shi ya yi ruf da ciki. Na gindin katanga, wanda ko sannu ba a taɓa yi masa ba, ya tashi siriri, gajere, ya rufe kansa da furanni rawaya masu jan ciki har ba ka ganin tsakuwar. Sista ta ce ƙasar kwalin ce ba ta da kyau, ta ƙara mata taki.

A kusa da katangar ake ajiye wa Mai Aski kujera da safe. Yana nan zaune furannin farko suka tsufa. Rawayan ya zube, aka bar wasu busassun kawuna a kan dogayen tsinkaye, wani ya yi sama, wani ya karkace, wani ya leƙo ta gefe. Sababbin furanni suka ragu. Wani zai wuce bai ma lura ba. Amma idon da ya saba hango gashi guda da ya fi 'yan'uwansa tsawo ba ya iya zama lafiya a gaban irin wannan buzu-buzun. Har kau da kai yake yi, idon ya koma da kansa.

Da Auta ta bugo waya ya kai mata ƙara.

"Ai cire su ake yi, Baba," ta ce. "In an bar busassun, shukar sai ta ɗauka ta gama aikinta, ta koma yin iri. A yanke daga ƙasa kaɗan, saman inda ganye ya fito. Na Mama kuma a daina ba shi ruwa haka, a sauke shi gaba ɗaya zuwa rabi."

Sista, da ke jin su daga kicin, ta ce ita ba za ta yanke abin da ta sha wahalar rainonsa ba, waɗanda suka shuka kansu kuma su kula da kansu.

Wanda ya zauna da mace har 'ya'ya suka watse ya san inda take ɓoye abu. Washegari, da ta fita kasuwa, ya shiga sito ya ɗaga murfin babbar tukunyar da ba a ɗorawa sai an yi baƙi. Ga jakarsa nan kwance. Bai taɓa babban almakashin ba, ƙaramin ya ɗauka, na gyaran gashin baki.

Da hannun hagu ya cusa yatsun dama a cikin zobban, kamar mai sa wa yaro takalmi. Ya jawo kujera, ya zaɓi kai guda. Tsinken bai fi na tsintsiya kauri ba. Ya matsa. Bakin almakashin ya taho a hankali, a hankali, ya kama tsinken ya lanƙwasa shi, bai yanke ba. Ya sake, ya tauna shi kawai. Almakashin da ya yi shekaru yana waƙa a hannunsa yau ya kasa tsinken fure. Mai Aski ya sunkuyar da kai ya yi kuka, kuka na gaske, irin wanda bai yi ba ko a asibiti.

Da ya gama ya share fuska da gefen riga. Kan nan yana nan a lanƙwashe yana reto, ya ma fi dā muni, kuma mai aski ba ya barin kai da rabin aiki. Ya sake sa almakashi. Ya daina kallon hannunsa, ya kafa ido a inda yake so ya yanke. An daɗe ana abu ɗaya, gumi ya jiƙa masa wuya, sai ya ji ƙyas! Kan ya faɗo a tsakuwa. Ya ɗauka ya jefa a aljihu don kada a gani, ya mayar da almakashi tukunya kafin ta dawo.

Haka ya zama aikinsa duk safiyar da ta fita. Da fari 'yan kaɗan yake iya yankewa hannun ya mutu. Sai ya gano in rawa ta kama hannun, ya ɗora ɗan ƙaramin yatsa a kan wani abu, ko reshe ko gwiwa, sai ta lafa. Abin da bai yi tsammani ba shi ne amsar da furen ya ba shi. Duk inda ya yanke kai ɗaya, bayan 'yan kwanaki sai rassa biyu su ɓullo daga gindin ganyen, kowanne da tohonsa. Su buɗe, su tsufa, su nemi aski. Yana yanka suna ƙaruwa. Ya gama wannan gefen, wancan ya yi gashi. Bai taɓa samun kwastoma irin wannan ba. Ba ya motsi, ba ya kallon agogo, ba ya ƙarewa, kuma bai taɓa ce masa sannu ba.

Wanki ne ya tona masa asiri. Sista ta zazzage aljihun rigarsa a kan baho, sai ga wasu baƙaƙen ƙwayoyi sun watsu a ruwa. Ta kurma ihu, ta yi tsalle gefe, ta fara lissafin kona katifa da kiran mai feshi. Sai ta ga busassun kawunan fure suna iyo a cikinsu. Ta ɗauki ɗaya ta dubi gindinsa. Ba tsinkewa aka yi ba, yanka ne, sumul.

Ta same shi a kujerarsa. Ta kama hannunsa na dama ta juya. Ga kanta nan sabuwa a gindin babban yatsa, daidai inda zoben almakashi ke zama.

"Malam, so kake ka kashe ni?" in ji ta. "In ka faɗi a kansa ba kowa a gida fa? Ka san abin da na gani ranar nan? Ka sani?"

"Na sani, Sista."

"Ba ka sani ba! Kai a sume kake."

Ya san gaskiya ta faɗa. Can ya miƙa mata hannun. "Yi min gwajin nan naku. Ba ni yatsunki."

Ta yi kamar ba za ta ba shi ba, amma aikin da mutum ya yi shekaru yana yi ba ya barin jikinsa. Ta sa yatsu biyu a tafinsa. "Matse."

Ya matse.

"Wash! Sake ni, mugu!"

Ta janye hannu tana yarfewa, ta tsaya tana kallonsa, ta dubi gindin katanga da ya koma rawaya fiye da farkonsa. Ta zauna a bakin baranda. Shi kuwa ya ga ƙofa ta buɗe, ya kawo maganar Direba.

"A'a," ta ce nan take. "Kan mutum ba fure ba ne. Akwai kunne, akwai jijiyar wuya. Fure in ka yanke shi ba daidai ba, wani zai fito. Kunnen Direba fa?"

"Yana da biyu."

"Ba wasa nake ba." Ta tashi ta shiga sito, ya ji ƙarar murfin tukunya. Ta fito da babban almakashin, ta riƙe shi ta baki ta miƙa masa ta zobba, sannan ta nuna kwalinta da ke kwance ruf da ciki. "Ga abin da 'yarka ta ce a sauke zuwa rabi. Ka sauke min shi daidai, ba tudu ba kwari, ina tsaye ina kallo. In hannun ya yi, sai mu yi magana."

Ya san abin da wannan ya ci mata. Abin da ta yi rainonsa da hannunta ta ba shi ya yanka.

Ya yi safiya da yawa a kan kwalin nan. Ya ɗaga rassan da suka kwanta, ya tara su tsakanin yatsun hagu kamar yadda yake tara gashi, ya bi da almakashi. Ya ja da baya ya karkata kai ya duba, ya dawo ya taɓa nan, ya taɓa can. Ita kuma tana tsaye da hannu a ƙugu, idonta a kan yatsunsa. Da ya ce ya gama, ta ɗauko sandar mofa ta ɗora a kan shukar, ta durƙusa tana leƙen ƙasan sandar. Ta juya ta ta ɗaya ɓangaren. Ta nemi tudu, ta nemi kwari, ba ta samu ba. Ta miƙe tana kakkaɓe zani.

"Ka gaya wa mahaukacin abokin naka ya wanke kai kafin ya zo min gida," ta ce. Daga ranar kuma ta daina kai wa kwalin ruwa.

Ana gobe bikin, Direba ya iso da hantsi, kansa kamar an zazzage matashin kai. Aka sa kujera a tsakar gida, tsakanin katanga da kwali. Kwalin da aka aske ya riga ya yi sabon toho, tsaye kyam, har wasu sun fara buɗe rawaya. Mai Aski ya yafa wa abokinsa farin ƙyalle, ya ɗaure a wuya. Sista ta fito da faranti ɗauke da auduga da ayodin da bandeji, ta tsaya a gefe.

Direba ya dubi farantin. "Matarmu, aski aka ce ko tiyata?"

"Sai yadda ta kama. Daina motsi."

Mataji ya shiga, almakashi ya bi. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ba da saurin dā ba, amma sautin shi ne. Furfura ta riƙa zubowa curi-curi a ƙasa. Aka sauke sama, aka sauke ƙeya, kan Direba ya fara fitowa daga ɓoye. Mai Aski ya ji daɗi yana hawa masa daga ƙafa, har ya fara rera 'yar waƙar da yake yi a shago ƙasa-ƙasa.

Da aka zo kunnen dama, hannun ya kama rawa.

Bakin almakashi yana kaɗawa dab da fatar kunne. Ya tsaya cak. Ya ji farantin Sista ya yi ƙara a hannunta. Direba, da ke jin sanyin ƙarfe a kunnensa, ya buɗe baki a hankali.

"Mutumina, in ka gaji mu huta. San..."

"Ka ƙarasa kalmar nan, in bar ka da rabin kai ka shiga hoto."

Direba ya rufe bakinsa.

Mai Aski ya ja numfashi. Ya miƙe ɗan ƙaramin yatsa ya ɗora a kan ƙashin bayan kunnen, yadda ya saba ɗorawa a reshe. Ya ɗauke ido daga hannunsa, ya kafa shi a layin da yake so ya fitar. Rawar ta lafa. Ya lanƙwasa kunnen da yatsan hagu, ya zagaye shi da almakashi, tsaf. Ya koma na hagu ya zagaye shi ko tsayawa bai yi ba. Ya gyara gashin baki, ya bi gira, ya kwance ƙyalle ya kaɗe shi a iska da ƙarar nan da duk mai aski ke yi in ya gama.

Sannan ya miƙa madubi.

Direba ya daɗe yana kallo. Ya juya hagu, ya juya dama, ya shafa ƙeya. Idanunsa suka kawo ruwa. Mai Aski ya tsaya da almakashi a hannu, ya ga alamar godiya na tahowa, irin wadda ake yi wa majinyaci.

Sai Direba ya ja hanci, ya haɗe rai.

"Kai, Mai Aski! Wata da watanni ina jira, ashe ɓata min kai za ka yi? Dubi hagun nan, wallahi ya fi dama tsawo!"

"Kanka ne a karkace!" Mai Aski ya daka masa tsawa, muryarsa har maƙwabta. "Tun haihuwa a karkace yake! Ni na haife ka da zan miƙe shi?"

"Da na sani na je wajen yaran nan masu inji!"

"Tashi ka je! Su fito maka da ƙuraje har goshi!"

Suna yi suna dariya, hawaye na bin fuskar kowannensu, ba wanda ya damu ya share. Mai Aski bai taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Sista ta ajiye farantinta a baranda, ba a taɓa ko auduga ɗaya ba. Ta juya baya ta goge ido da bakin mayafi, ta shiga kicin. Da ta fito, tsintsiya ce a hannunta. Ta dubi tulin furfurar da ya cika mata tsakar gida har cikin furanni, ta dubi mijinta sama da ƙasa.

"To, Malam, tunda ka warke, wa kake jira ya share maka wannan ƙazantar?"

Ta cilla masa tsintsiyar. Ya cafe ta da hannun dama.